BAƘO RAƁA NE? TARIHIN 'YAN ƘWADAGON ƘETARE DA DOKOKIN DUNIYA

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama majalisar ɗalibai da yamma, musamman ta 'yan ajin ƙarshe, ya san inda hira take karkata in ta yi nisa. Da an gama kukan wuyar jarrabawa da tsadar abinci, sai a faɗa maganar fasfo da biza: wane ya sami aikin asibiti a Ingila, wance ta tafi Saudiyya, wani kuma yana jiran takarda daga Katar. Wannan ba laifi ba ne, domin neman na kai wajibi ne. Amma fa masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Hanyar nan da muke ɗokin hawa, iyaye da kakanni sun bi ta tun kafin su san fasfo, kuma sun baro mana darasi a kanta.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi tarihin yadda ma'aikata suke ƙetare iyakokin ƙasashe neman aiki cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, tare da dokokin da duniya ta shirya don kare su. Abin da nake son nunawa guda ɗaya ne: ƙasar da take bukatar ma'aikata ita ke buɗe ƙofa, ita ke rufewa, kuma har yau babu dokar duniya da ta karɓe makullin daga hannunta. Mu da maƙwabtanmu mun ɗanɗana kowane ɓangare na wannan al'amari. An ɗebe mu da ƙarfi, mun tafi da ƙafarmu, an kore mu, mu ma mun kori wasu.

Asalin dokar ƙwadago ta duniya

A shekarar 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, manyan ƙasashe suka zauna a Faransa suka ƙulla yarjejeniyar sulhu ta Versailles. A cikinta suka sa wani babi wanda ya kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka fi sani da ILO. Ba tausayin lebura kaɗai ya kawo haka ba. Akwai tsoro, domin a 1917 an yi juyin juya hali a Rasha da sunan ma'aikata, kuma shugabannin Turai ba sa son wutar ta ƙetaro. Akwai kuma lissafin kasuwa, domin in wata ƙasa ta rage awoyin aiki ita kaɗai, to wadda ba ta rage ba za ta karya mata farashi. Saboda haka gara a yi doka ɗaya ta hau kan kowa.

An shirya ƙungiyar bisa wani tsari na daban. Kowace ƙasa tana tura wakilai huɗu zuwa babban taro, biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar aiki, ɗaya na 'yan ƙwadago, kowanne da ƙuri'arsa. A taron farko da aka yi a Washinton cikin 1919 aka amince da yarjejeniya ta farko, wadda ta ƙayyade aikin masana'antu ga awa 8 a rana, awa 48 a mako.

To, ina ƙasashenmu a cikin wannan? Mai karatu zai so ya san cewa tun a tsarin mulkin ƙungiyar an bar wa 'yan mulkin mallaka wata kafa. An ce ƙasa za ta yi aiki da yarjejeniyar da ta amince da ita a ƙasashen da take mallaka, sai fa in yanayin wurin bai ba da hali ba, ko kuma ta yi mata gyaran da ya dace da wurin. Wa zai yanke cewa yanayi bai ba da hali ba? Ita mai mulkin. Ke nan tun ranar farko an raba ma'aikatan duniya gida biyu, na Turai da doka, na ƙasashen mallaka da uzuri.

Ɗiban gwamna

A wancan zamani aikin tilas shi ne ginshiƙin ayyukan Turawa a Afirka. Hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911, da yawan leburorinta ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su. A 1930 ILO ta zartar da yarjejeniya mai lamba 29 wadda ta nemi a kawar da aikin tilas, kuma ta hana a tilasta wa mutum aiki don amfanin kamfani ko wani mai kuɗi. Ingila ta amince da ita a 1931, Faransa sai 1937. Amma yarjejeniyar ta yi togaciya, ta ce aikin da aka sa mutane saboda yaƙi ko wani bala'i ba ya cikin hanin.

Da wannan togaciya aka ɗaure talakan Nijeriya ta Arewa. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da take da arzikin kuza mai yawa. Sai ido ya juyo kan Jos. Gwamnati ta ba da umarni a ɗebo majiya ƙarfi daga larduna, En'e ta raba wa hakimai adadi, hakimai suka raba wa dagatai. Tsakanin 1942 da 1944 an kai mutum wajen dubu ɗari ramukan kuza, ana yi musu karo-karo na kamar wata huɗu. Wannan shi ne abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Manomin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina sai ga shi cikin sanyin duwatsun Jos, ba bargo, ba isasshen abinci, ba masaukin kirki. Cuta ta kashe da yawa, da yawa kuma suka gudu. Ramukan kuwa na kamfanoni ne masu zaman kansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1944 aka dakatar da ɗiban. Cikin shekarar nan kuma ILO ta yi taro a Filadelfiya ta Amurka, ta fito da sanarwar da ta ce ƙwadagon ɗan Adam ba haja ba ne da za a yi cinikinsa kamar kayan kasuwa. A ƙasar Nijar da sauran ƙasashen da Faransa take mallaka, inda aikin tilas da haraji suka sa mutane da yawa suka tsallako Nijeriya, ba a soke shi ba sai a watan Afrilu na 1946, da dokar da ake kira da sunan Houphouët-Boigny, wakilin Kwaddibuwa a majalisar Faransa.

Masu tafiya da ƙafarsu

Ba kowa aka ɗauka da igiya ba. Bahaushe ya san cin rani da fatauci tun kafin Bature, kuma hanyar Gwanja ta fataken goro ta daɗe da kai shi Salaga da Kumasi. Abin da mulkin mallaka ya ƙara shi ne haraji na tsabar kuɗi. Wanda ba shi da gyaɗa ko audugar da zai sayar, dole ya sayar da ƙarfinsa. Da noman koko ya bunƙasa a ƙasar da yanzu ake kira Gana, har ta zama ta ɗaya a duniya tun wajen 1911, sai Mosawa da Zabarmawa da Hausawa da Yarabawa suka yi ta kwarara can, wasu gona, wasu ramin zinariya, wasu dako, wasu kasuwa. Zanguna suka cika suka batse. Ƙidayar 1960 ta nuna cewa wajen kashi 12 cikin ɗari na mutanen Gana baƙi ne 'yan asalin wasu ƙasashe.

Ta gabas ma haka abin yake. Mahajjata masu tafiya a ƙasa sukan shekara da shekaru a hanya, suna tsayawa a Sudan su yi aiki su tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya ja jama'a suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da har yau ake kira da sunansa. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sennar, suka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira don masaƙun Lankashiya. Filin yana da faɗi, masu aiki sun yi kaɗan, sai hukuma ta yi maraba da mutanen yamma, watau waɗanda ake kira Takari ko Fallata. Su ne noma, su ne tsinkar auduga. Kuɗin audugar kuwa uku ake raba shi, gwamnati da kamfani da mai riƙe da gona. Lebura ladan aikinsa kawai yake da shi.

Da Sudan ta sami 'yancin kai, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun kafin shekarar 1898. Mai karatu ya dubi wannan shekara, ya dubi 1903 da 1925, zai ga waɗanda aka bari a waje. An so guminsu, amma da aka zo rabon takardar zama ɗan ƙasa sai aka tuna baƙi ne.

Ranar da aka rufe ƙofa

A tsakiyar shekarun 1960 farashin koko ya faɗi warwas, aiki ya yi wuya a Gana. Ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya same ta cikin mako biyu ko ya fita. Ina wanda aka haifa a zangon Kumasi, ubansa ma ya zo tun ba a san iyaka ba, zai samo irin wannan takarda cikin kwana goma sha huɗu? Mutum wajen dubu ɗari biyu ko fiye suka fita, suna sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, ko su bar su haka nan. Abin mamaki, a wannan shekara ce aka ba ILO lambar yabo ta Nobel don cikarta shekara hamsin.

Kada a ɗauka wannan halin Afirka ne kaɗai. Jamus ta Yamma, da masana'antunta suka farfaɗo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko ma'aikata da Italiya a 1955, da Sifen da Girka a 1960, da Turkiyya a 1961, daga baya har da Maroko da Fotugal da Tunisiya da Yugosilabiya. Sunan da ta ba su ma ya isa bayani, watau ma'aikata baƙi, masu zuwa su yi 'yan shekaru su koma a kawo wasu. Wajen mutum miliyan 14 suka shiga, wajen miliyan 11 suka koma. Da rikicin man fetur ya ɓarke, sai a watan Nuwamba na 1973 ta dakatar da ɗaukar, Faransa ta bi sahu a 1974. Jamus ba ta yi kora irin ta Gana ba, amma waɗanda suka rage, da suka ga in sun fita ba dawowa, sai suka ɗauko iyalansu suka zauna. 'Ya'yansu da aka haifa can suka tashi a matsayin baƙi, sai a shekarar 2000 dokar ƙasar ta fara ba irin waɗannan yara damar zama 'yan ƙasa tun daga haihuwa, bisa wasu sharuɗɗa.

Tsadar man da ta rufe ƙofar Jamus ita ce ta buɗe ta Nijeriya. Kuɗi suka shigo, gine-gine suka tashi, makarantu suka yawaita. Malaman makaranta da magina da teloli da masu gyaran takalma suka kwararo daga Gana, leburori da masu gadi da 'yan ga-ruwa daga Nijar da Chadi. A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas, a 1979 kuma aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90. Kwana casa'in na ziyara ne, ba izinin zama da aiki ba, domin an ɗaga wannan mataki zuwa gaba.

Daga 1981 farashin mai ya soma sauka, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, ga zaɓe yana tafe, ga kuma rikicin Maitatsine na 1980 a Kano wanda ya sa ana yi wa baƙi kallon tuhuma. Ranar 17 ga Janairu 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Mako biyu, daidai wa'adin Busia. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Iyakar Gana tana rufe a lokacin, saboda haka jama'a suka cushe a tashar jirgin ruwa ta Apapa da kan iyakokin Binin da Togo, wasu suka mutu a hanya. Jakar nan da muke zuba kayanmu a ciki in za mu dawo makaranta, wadda ake kira Gana-mas-go, daga nan ta samo sunanta. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake wata korar. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Doka a takarda

Mai karatu zai tambaya, shin duk wannan lokaci duniya ba ta yi wa ma'aikacin ƙetare doka ba? Ta yi. A 1949 ILO ta zartar da yarjejeniya mai lamba 97, wadda ta ce baƙon da ya shigo bisa ƙa'ida a daidaita shi da ɗan ƙasa wajen lada da awoyin aiki da shiga ƙungiyar ƙwadago. A 1975 ta ƙara mai lamba 143, wadda ta ce ko wanda ba shi da takardu yana da haƙƙinsa na ɗan Adam da ladan aikin da ya riga ya yi, kuma rasa aiki kaɗai ba zai mai da mai izini ya zama ɗan haramtacciyar hanya ba. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da tata yarjejeniyar, wadda ta haramta korar baƙi a jimlace, ta ce kowa a duba maganarsa shi kaɗai.

Matsalar ita ce yarjejeniya ba ta hawa kan ƙasa sai ta amince da ita da kanta. Ta 1990 sai da ta shekara goma sha uku kafin ta sami ƙasashe ashirin da ake bukata, ta fara aiki a 2003. Waɗanda suka amince da ita galibi masu tura ma'aikata ne, irin su Meksiko da Filifin da Maroko da Gana, da Nijar da Nijeriya waɗanda suka shiga a 2009. Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai da masu arzikin mai na yankin Gulf ba su shiga ba. Watau masu kuka sun sa hannu, waɗanda ake kuka da su sun naɗe nasu. Yarjejeniyar ƙaura da aka amince da ita a Marrakesh a 2018 kuwa, ita da kanta ta faɗa cewa ba ta tilasta wa kowa komai.

A ƙasashen Gulf, inda a Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kusan tara cikin goma na mazauna baƙi ne, tsarin kafala ya ɗaure zaman ma'aikaci ga kafilinsa, watau wanda ya ɗauko shi. A can ma an ga ƙofa ta rufe dare ɗaya: a 1990, da Iraki ta mamaye Kuwaiti, Yaman ta ƙi bin bayan Saudiyya, sai mutanen Yaman wajen dubu ɗari takwas suka rasa zamansu a Saudiyya. Ba za a ce ba a sami sauyi ba. A 2020 Katar ta soke sharaɗin neman yardar kafili kafin sauya aiki, ta kuma yanka mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata. Amma a lura, abin da ya kawo wannan shi ne idon duniya da gasar ƙwallon ƙafa ta 2022 ta jawo mata, tare da ƙarar da wakilan 'yan ƙwadago suka kai ILO. Gyaran da Saudiyya ta yi a 2021 kuwa bai haɗa da masu aikin gida ba.

Inda ake a yau

ILO, wadda tun 2022 Gilbert Houngbo na Togo yake shugabanta, ɗan Afirka na farko a kujerar, ta ƙiyasta cewa a 2022 akwai ma'aikatan ƙetare kusan miliyan 168, watau kusan biyar cikin ɗari na ma'aikatan duniya. Ƙasashen Turai da Japan suna tsufa, namu kuwa matasa ne suka fi yawa, saboda haka kira ba zai daina zuwa ba. Kuɗin da 'yan Nijeriya na waje suka aiko gida a 2023 sun kusa dala biliyan 20, bisa lissafin Bankin Duniya, kuma gidaje da yawa da su suke ci.

Sai dai ƙofar tana nan da halinta. A watan Fabrairu na 2022 Ingila ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, 'yan Nijeriya da yawa suka tafi. A watan Maris na 2024 ta hana sababbinsu zuwa da iyali, a watan Yuli na 2025 ta daina ɗaukar sababbi daga waje. Bizar kuma a ɗaure take ga wanda ya ɗauke ka, in ya rasa lasisinsa kwana 60 aka saba bayarwa ka sami wani ko ka fita. A nan gida kuma, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, abin da ya mai da zirga-zirgar ɗan cin rani tsakanin Maraɗi da Katsina maganar da take jiran shawarar gwamnatoci.

Kammalawa

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, watau da hantsi ya yi zai wuce. Da wannan tunani Jazira da Kumasi da Jamus da Legas suka karɓi ma'aikata, kuma tarihi ya nuna ba haka abin yake ba, domin wanda ya zo aiki yakan yi aure, ya haihu, ya binne iyayensa a wurin. Dokokin duniya sun yi amfani, sun sa aikin tilas ya zama abin kunya, sun ba ma'aikaci hujjar da zai kai ƙara da ita. Amma ba su taɓa hana mai gida rufe ƙofarsa ba.

Saboda haka ina da roƙo uku ga 'yan'uwana ɗalibai. Na farko, wanda zai tafi ya karanta takardar da zai sa wa hannu, ya san wanda zamansa yake hannunsa, kada ya sayar da gonar gado don bizar da za a iya sokewa da sanarwa ɗaya. Na biyu, mu da muke nazarin Hausa, aikinmu ne mu fassara waɗannan yarjejeniyoyi cikin Hausa mai sauƙi, domin masu tafiya aikin gida da na gini su san abin da yake haƙƙinsu. Haka kuma mu je wurin dattawan da suka dawo daga Gana a 1969, da waɗanda suka ji labarin ɗiban gwamna daga bakin iyayensu, mu ɗauki maganarsu tun suna raye. Na uku, in mun ga ɗan ga-ruwa ko mai gadi da ya ƙetaro iyaka, mu tuna da 1983. Yadda muke son a riƙe ɗan'uwanmu a Landan ko Riyad, to, mu fara riƙe na wani haka a ƙofar gidanmu.